Zafin bazara da lafiyar ɗan wasa: abin da malaman jami'a suka gano

Kowa ya san halin bazara a ƙasarmu Nijar. Daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, a Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram, wani lokaci ma ya kai 45. Duk da haka filayen wasa ba su zama kufai. Samari suna buga ƙwallo, ƴan lakwal suna gudu a darasin motsa jiki, masu neman shiga soja suna gwajin ƙarfi, ƴan kokowa kuma suna ta shiri. Wannan abin farin ciki ne, domin ƙasa ba ta ginuwa sai da matasa masu ƙoshin lafiya.

Amma akwai haɗarin da ya kamata a san da shi. A ƙasashe da dama an sha ganin saurayi lafiyayye, ƙaƙƙarfa, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili, kafin gari ya waye a ce ya cika. Likitoci suna kiran wannan ciwo bugun zafi. Shekara sittin ke nan malaman jami'o'i suna bin diddiginsa, kuma abin da suka gano ya kamata ya isa kunnen kowane mai horar da ƴan wasa, da malamin makaranta, da ma'aikacin hukuma. Bugun zafi ciwo ne da ake iya hanawa, kuma ake iya warkarwa, da abubuwa uku marasa tsada, wato shan ruwa bisa ƙima, da sabo a hankali, da sanyaya jiki cikin gaggawa.

Yadda jiki yake sanyaya kansa

Zafin cikin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, ko da ɗari ko da bazara. Idan mutum yana gudu, naman jikinsa yana ƙone abinci domin ya samu ƙarfi, amma abin da yake zama motsi bai wuce kashi 1 cikin 4 ko 5 ba. Sauran duka zafi yake zama, kuma tilas jiki ya fitar da shi.

Dubarar jiki irin ta randa ce. Ruwan randa yana sanyi ne saboda yana tsatsowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Haka zufa take yi wa mutum. Zufar da ta bushe a kan fata ita ce mai sanyayawa, wadda ta ɗiga ƙasa kuwa asara ce kawai. Idan zafin gari ya wuce na fata, wato wajen digiri 35, iska da kanta ƙara wa mutum zafi take yi, ba ya da sauran mafita sai bushewar zufa. Shi ya sa ranakun da hadari ya haɗu bai zubar ba, gari ya ɗaure babu iska, sun fi kowaɗanne haɗari.

Ɗan wasa yakan zubar da litar zufa ɗaya zuwa biyu a cikin awa guda. Da masu bincike suka auna Alberto Salazar, ɗan tseren Amurka, lokacin wasannin Olimpik na 1984, sun tarar yana zubar da lita 3,7 a awa. Wannan ruwa daga jini yake fitowa. Idan ya ragu, zuciya tana ƙara bugawa domin ta raba ɗan jinin da ya saura tsakanin naman jiki mai aiki da fata mai neman sanyi. Idan ta kasa, zafin ciki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta rikice, hanta da ƙoda su fara lalacewa.

Tambayar da ta buɗe hanya a Fulorida

A da can, masu horo sun ɗauka shan ruwa a fili ragwanci ne. Dokokin gudun dogon zango na shekarun 1950 ma sun hana a ba ɗan tsere abin sha sai ya wuce kilomita 15. An ga sakamakon irin wannan tunani ranar 13 ga watan Yuli na 1967, lokacin da Tom Simpson, ɗan Ingila mai shekara 29, ya faɗi ya mutu a kan tudun Vantu, a tseren keke na zagayen Faransa. Rana ta yi zafi ƙwarai, jikinsa ya bushe, kuma an tarar ya sha ƙwayoyin ƙara kuzari da barasa.

Shekara biyu kafin wannan, a 1965, wani mataimakin mai horo a jami'ar Fulorida ta Amurka ya je wurin likitan ƙoda na jami'ar, Dokta Robert Cade, da wata tambaya: me ya sa ƴan ƙwallonsa ba su yin fitsari bayan wasa? Ƙwallon Amurka wasa ne da ake yi da hular kwano da sulke, Fulorida kuwa ƙasar zafi ce mai laima. Cade da abokan aikinsa uku suka ɗebi jini da zufar ƴan wasan suka auna. Suka tarar wasu suna rasa har kilo 8 a wasa ɗaya, jininsu ya ragu, sukarinsa ya faɗi, gishirinsa ya rikice.

Sai suka haɗa ruwa da gishiri da sukari, suka matsa lemun tsami domin ya shawu. Asalin dubarar ɗaya ce da ruwan gishiri da sukari da ake koya wa iyaye mata su ba yaro mai zawo. Ƴan wasan suka daina faɗuwa kamar da, kuma a watan Janairu na 1967 suka ci babban wasan nan na Orange Bowl karo na farko. Abin shan ya shiga kasuwa da sunan Gatorade, kuma tun yarjejeniyar 1973 jami'ar take karɓar kashi 20 bisa 100 na ladan wannan ƙirƙira. Magabata su lura: ƙaramin bincike ne a kan fitsarin ɗalibai, ga shi ya tsare lafiya, ya kuma kawo wa jami'a dukiya.

Ruwa ma yana da iyaka

Bayan wannan sai ra'ayi ya juya gaba ɗaya, aka shiga gaya wa ƴan tsere su sha iyakar abin da cikinsu zai ɗauka. Malamin da ya fara jan kunne shi ne Furofesa Tim Noakes na jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu. A 1985 ya ba da labarin ƴan tsere huɗu da suka kwanta ciwo saboda yawan ruwan da suka sha. Idan ruwa ya yi wa jini yawa, gishirin jinin yana tsinkewa, ruwan ya shige ƙwaƙwalwa ta kumbura.

Likitocin jami'ar Harvard sun tabbatar da haka a tseren birnin Boston na 2002. Sun auna jinin ƴan tsere 488 bayan sun gama gudun kilomita 42, suka tarar kashi 13 bisa 100 gishirin jininsu ya faɗi ƙasa da ƙima. Wata mace mai shekara 28 ta rasu a wannan tsere saboda wannan ciwo. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu gudu a hankali, da suka daɗe a hanya suna ta kwankwaɗar ruwa har nauyinsu ya ƙaru.

To, yaya mutum zai san ƙima? Hanya biyu ce, kuma duka ba su buƙatar kuɗi mai yawa. Ta farko sikeli: a auna ɗan wasa kafin horo da bayansa. Idan ya rasa fiye da kashi 2 bisa 100 na nauyinsa, wato wajen kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 70, ruwan da ya sha bai isa ba. Idan kuwa nauyinsa ya ƙaru, ya sha fiye da kima. Ta biyu launin fitsari, wadda Furofesa Lawrence Armstrong na jami'ar Konetikat ya tsara a 1994: fitsari mai haske alamar ƙoshi ce, mai duhu kamar shayi alamar bushewa ce. Ga mafi yawan mutane, a ajiye ruwa kusa, kowa ya sha gwargwadon ƙishirwarsa, kada a hana shi, kada kuma a tilasta masa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Abu na biyu shi ne sabo. Bincike ya nuna cewa idan mutum yana motsa jiki cikin zafi kaɗan kaɗan kowace rana, a cikin kwana 7 zuwa 14 jikinsa yana sakewa. Ruwan jininsa yana ƙaruwa, zufa tana fara fita da wuri kuma da yawa, gishirin da ke cikinta yana raguwa, bugun zuciya yana sassautawa. Amma wannan sabo ba ya dawwama. Wanda ya yi makonni yana hutu, ko yana jinya, tilas ya sake farawa daga ƙasa. Kada wani ya ce ai shi haifaffen Tawa ne, rana ba ta yi masa kome. Zama cikin zafi daban, gudu cikin zafi daban.

A Amurka an lura cewa bugun zafi ya fi kama ƴan ƙwallo a kwanakin farko na horo, bayan dogon hutu. Saboda haka a 2003 hukumar wasannin jami'o'i ta sa dokar kwana biyar na farawa a hankali, a 2009 kuma aka fitar da tsarin kwana 14 domin makarantun sakandare: horo ɗaya tak a rana da farko, gajere, ba tare da cikakken sulke ba. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa jihohin da suka tilasta bin wannan tsari sun samu raguwar ciwon zafi da kashi 55 bisa 100.

An sake ganin amfanin sabo a Doha, babban birnin Katar, a gasar guje-guje ta duniya ta 2019. An fara gudun dogon zango na mata da tsakar dare domin a kauce wa rana, amma zafi ya kai wajen digiri 32, ga laima mai nauyi. Cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. Masu bincike sun ba wasu ƴan tseren gasar wata ƙwaya mai auna zafin ciki suka haɗiye. Sakamakon ya nuna cewa waɗanda suka yi horon sabo da zafi kafin su zo sun fi samun matsayi mai kyau, kuma jikinsu bai yi zafi kamar na sauran ba. Bayan ƴan makonni, hukumar Olimpik ta ɗauke gudun dogon zango daga Tokiyo ta mayar da shi Saporo, kilomita 800 arewa, inda ya fi sanyi.

Manyan hukumomin wasa sun daina jayayya da rana. A gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2014 a Barazil, alƙali ya tsayar da wasan Holan da Meziko domin hutun shan ruwa, gasar 2022 ta Katar kuma aka mayar da ita watannin Nuwamba da Disamba. Mu ma muna da misali a gida: gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, bisa al'ada a lokacin sanyi ake yin ta, bayan an kau da amfanin gona.

A sanyaya tukuna, sannan a ɗauka

Abu na uku shi ne mafi muhimmanci, domin shi ke raba rai da mutuwa. Ranar 1 ga watan Agusta na 2001, Korey Stringer, shahararren ɗan ƙwallon Amurka mai shekara 27, ya rasu bayan ya faɗi a wurin horo. Zafin jikinsa ya haura digiri 42. A 2010 aka buɗe cibiyar bincike da sunansa a jami'ar Konetikat, ƙarƙashin Furofesa Douglas Casa, wanda shi kansa bugun zafi ya kayar da shi a wani tsere yana da shekara 16.

Abin da wannan cibiya take koyarwa shi ne, illar bugun zafi tana tafiya ne da yawan mintocin da jiki ya yi yana tafasa. Idan aka saukar da zafin ciki ƙasa da digiri 39 a cikin minti 30 na farko, mutum yakan tashi. Idan aka ɓata wannan lokaci wajen neman mota da tafiya asibiti, ana iya isa da shi gaɓoɓin cikinsa sun riga sun lalace. Hanya mafi sauri kuwa ita ce a tsoma shi har wuya cikin ruwan sanyi mai ƙanƙara, ana motsa ruwan.

Hujjarsu ta fito daga tseren garin Falmos, mai kilomita 11, da ake yi kowane watan Agusta. A cikin shekara 18 an samu mutum 274 da bugun zafi ya kama a wurin. An tsoma su cikin ruwan sanyi nan take a bakin fili, kuma ko ɗaya bai mutu ba.

Inda babu babban baho fa? Malaman jami'o'in Arkansas da Konetikat sun gwada wata dubara a 2016 da 2017. A shimfiɗa tamfol, a kwantar da maras lafiya a tsakiya, mutane su kama gefuna su ɗaga, a zuba ruwa da ƙanƙara, a riƙa jijjigawa. Sun tarar tana sanyaya jiki da saurin da ake buƙata. Tamfol da jarkokin ruwa da ƙanƙarar kasuwa ba su fi ƙarfin kowace ƙungiya ba. Idan ƙanƙarar ma ta gagara, a kai shi inuwa, a tuɓe masa kaya, a yi ta kwarara masa ruwan randa ana fifita, kada a tsaya.

Dole ne a san alamomin. Ɗan wasa ya fara tangaɗi, ko sambatu, ko faɗa ba dalili, ko ya kasa gane inda yake, ko amai, ko ya suma. Sau da yawa jikinsa yana jiƙe sharkaf da zufa, saboda haka kada zufar ta ruɗi kowa. A wurinmu wani zai ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa. Ko mene ne ra'ayin mutum, a fara zuba ruwa tukuna. Kada a ɗura wa wanda ya suma abin sha, kuma kada a ba shi maganin zazzaɓi, domin ba ya saukar da irin wannan zafi, yana ma iya ƙara wa hanta wahala. Bayan an sanyaya shi, a garzaya da shi wurin likita.

Abubuwan da suka shafe mu musamman

Akwai amosanin jini, wanda ake kira sikila. A yankinmu kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da rabin gadon wannan ciwo, wato mai jinin AS, kuma lafiyarsa lau. A 1987 wani bincike a rundunar sojan Amurka ya nuna cewa kuratan da ke da wannan jini sun fi sauran faɗuwa su mutu a lokacin horo mai tsanani, ninki wajen 28. Daga baya rundunar ta gyara tsarin horo ga kowa da kowa, da ruwa da hutu da farawa a hankali. A 2016 malaman jami'ar Stanford suka duba sojoji baƙar fata kusan 48.000, ba su ga bambancin mutuwa tsakanin masu AS da sauran ba, ko da yake lalacewar naman jiki ta ɗan fi yawa a wurinsu. Nan Afirka ta Yamma ma, a 2010 malaman jami'ar Dakar da abokan aikinsu na Gwadalup sun nuna cewa jinin mai AS ya fi kauri, amma idan aka bar shi ya sha ruwa yana motsa jiki, kaurin yana sauka. Saboda haka ba a hana mai AS wasa. Ya dai san jininsa, ya sha ruwa, ya tsaya da zarar ya ji jikinsa ya saki.

Akwai kuma zazzaɓin cizon sauro da zawo da rashin barci. Dukansu suna rage wa jiki ƙarfin jure zafi, don haka wanda ya tashi daga ciwo bai kamata a jefa shi fili washegari ba. Ƙwayoyin gusar da gajiya sun fi kome muni, domin gajiya ita ce mai gargaɗi, su kuwa rufe mata baki suke yi. Tun ranar 1 ga Janairu na 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tramadol a lokacin gasa. Idan azumi ya faɗo cikin zafi kuma, kamar na 2024 lokacin da ma'auni ya kai digiri 48,5 a garin Kayes na Mali, hankali ya nuna a mayar da horo mai nauyi bayan buɗa baki.

Kira ga magabata da malamai

Abin da ake nema ba shi da yawa. Daga Maris zuwa Yuni a riƙa yin wasa da gwajin gudu da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Kowane sabon horo a fara shi da mako biyu na sabo. Kada a yi wa yaro horo da gudu cikin rana don ya yi laifi, kada kuma a hana shi ruwa don a gwada jaruntakarsa. Kowane fili ya kasance da inuwa da ruwa da tamfol, da mutum ɗaya aƙalla wanda ya san abin yi.

Sauran aiki yana wuyan malamanmu. Mafi yawan binciken da muka ambata an yi shi a ƙasashe masu laima, zafinmu kuwa busasshe ne, mai shanye zufa tun mutum bai gan ta ba. Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin da ya ba da rayuwarsa ga nazarin ƙarfin rana. Ya dace ɗalibanta na likitanci, tare da makarantar horar da malaman wasanni, su ɗauki sikeli da ma'aunin zafi su shiga filayen kokowa da na ƙwallo, su auna ƴan wasanmu kamar yadda Cade ya auna nasa. Ƙasar da ta haifi Isaka Dabore, mai lambar tagulla a damben Olimpik na 1972, da Abdul Razak Isufu Alfaga, mai lambar azurfa a 2016, tana da wasu irinsu a makarantu da unguwanni, kuma haƙƙinmu ne su girma lafiya.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman masu kula da yara a fili. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mana matasanmu, amin.